Kwana uku ina neman iska a cikin na'urar mas

Ranar Litinin da safe na shigo lab na kunna kwamfuta zan yi tiyun, wato gwajin da na'urar ke yi ta daidaita kanta, kamar yadda na saba kafin in ɗora samfura, rahoton na fitowa na tsaya cik ko jakata ban ajiye ba. Lamba 28 ta yi sama sosai, 32 na biye da ita, gashi kuma ina da samfur arba'in da wani abu a jere a tire masu su suna jiran sakamako ranar Laraba. Duk wanda ya taɓa aiki da GC-MS, na'urar da ke rarrabe sinadaran samfur a matsayin gas sannan ta auna nauyinsu, ya san abin da lambobin nan biyu ke nufi, nauyin ƙwayar sinadari ne, 28 naitirojin ce, 32 oksijin, wato dai iska na shiga inda bai kamata ta shiga ba.

Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda suka fara aikin kwanan nan. Na'urar mas-sifektiromita, da muke ce wa mas, aikinta ɗaya ne, ta ɗauki ƙwayoyin sinadari ta sa musu caji su zama ayon, sannan ta rarrabe su gwargwadon nauyinsu da cajin da ke kansu, ta ƙirga. Irin tamu filaman ne, wata siririyar waya mai zafi, ke harba lantarki mai ƙarfin 70 eV ya farfasa ƙwayar, gutsattsarin su bi ta tsakanin sanduna huɗu na ƙarfe, kwadirufol ɗin nan da Wolfgang Paul na Jamus ya ƙirƙiro a shekarun 1950, su faɗa kan abin ƙirgawa. To duk tafiyar nan ba ta yiwuwa sai an zuƙe iskar ciki kusan tas, don in akwai iska ayon ɗin zai yi ta karo a hanya ba zai isa ba. Iskar ɗakin da kake zaune tor 760 ce, cikin na'urar kuwa wajen 0.00001 ake so, famfo biyu ke wannan aiki, na ƙasa mai mai wanda kake jin ƙugin sa, da kuma turbo da ke juyi sau 60,000 ko fiye a minti ɗaya. Kuma ba ƙirga kaɗai iskar ke ɓatawa ba, oksijin na cin filaman, yana ƙona rufin cikin kwalam, wato dogon siririn bututun da samfur ke bi a cikin oban kafin ya shiga mas, in da zafi, shi ya sa in ka ga alamar ba a cewa bari in gama samfuran nan tukuna.

Abin da na yi ranar farko shi ne na yanke hukunci kafin in bincika. Raina ya ba ni robar da ke rufe ƙofar gefen na'urar ce ta saki, don ta daɗe ba a canza ba, sai kawai na sauke bakyum, wato na bar iska ta koma cikin na'urar don in buɗe ta. Sauke bakyum kuwa ba ƙaramin abu ba ne, sai ka jira sos, wato wurin da ake sa wa ƙwayoyin caji, ya huce ƙasa da digiri 100, ka jira turbo ya rage gudu ya tsaya, sannan ka buɗe. Na sa safar hannu na ciro robar na duba ta a haske, na goge da ƙyalle marar zare, ban ga tsaga ba ban ga gashi ko ƙura ba amma duk da haka na sa sabuwa na rufe na tada famfo. Daga nan sai jira, awa biyu awa huɗu, 18 ta cika ko'ina saboda ruwan da ƙarfen ciki ya tsotsa daga iskar ɗaki, dole na bar ta ta kwana. Talata da safe 18 ta sauka kamar yadda ya kamata, 28 da 32 kuwa suna nan daram ko motsi ba su yi ba. Kwana ɗaya ya tafi kenan.

Talatar nan na bi ɓangaren gas, na duba tukunyar hiliyom, gas ɗin da ke tura samfur cikin kwalam, na duba regiyuleta, na canza robar bakin allura, na canza laina, wato ɗan bututun gilashin da samfur ke fara faɗawa, da robarta, na ɗaɗɗaure duk wani noti da hannuna ya kai, duka a lokaci guda. Wannan shi ne kuskure na biyu kuma ya fi na farko muni, don ko da matsalar ta tafi ba zan san wanne ne ya gyara ta ba, in kuma ta ƙaru ba zan san wanne na ɓata ba. Ba ta tafi ba.

Laraba wani dattijo da ya fi shekara ashirin yana kula da injinan lab ɗin ya leƙo ya tarar da ni na zuba wa allon ido, ya ja kujera ya zauna ya ce, "Ɗana, me aka taɓa na ƙarshe kafin ta fara?" Na ce, "Malam, ni dai ban taɓa komai ba, Alhamis lafiya lau na bar ta." Ya ce, "Kai ba ka taɓa ba, ɗauko littafin mu gani." Littafin rikodin da ke gefen na'urar babu komai a shafin Juma'a, amma da muka tambaya sai wata ɗaliba ta ce ai ita ta canza kwalam ranar Juma'a da yamma, ta yi komai daidai yadda aka koya mata, ta yi gwajin iska ya fito lafiya, ta bar oban yana gasa sabon kwalam ɗin ta tafi. Malam ya gyaɗa kai kawai ya ce in miƙo masa gwangwanin iskar nan da ake busa ƙurar kwamfuta da shi.

Ga yadda abin yake. Inda kwalam ke shiga cikin mas akwai ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar tsakiya da ake kira ferul, na Vespel da girafait, shi ke toshe tsakanin iskar waje da bakyum. Sabo in ya sha zafi ya huce sau ɗaya ko biyu yakan ɗan tsuke, notin da aka ɗaure tam jiya sai ya zama sako-sako yau, shi ya sa gwajin Juma'a ya fito lafiya na Litinin ya ƙi. Malam ya ce in saita allon ya riƙa nuna 51 da 65 kai tsaye, don gas ɗin gwangwanin namu daifuloro'itan ne kuma lambobinsa kenan, ya fara fesawa kaɗan-kaɗan, wuri ɗaya sai ya jira daƙiƙa goma sha, sannan na gaba. Ƙofar gefen da na ɓata kwana a kanta shiru. Bawul ɗin sauke bakyum shiru. Yana kai bakin siririn bututun kan notin nan ya ɗan taɓa, wallahi 51 ta yi tsalle ta buga saman allo. Ya ɗauki ƙaramar sifana ya ƙara masa kamar rubu'in juyi, muna kallo 28 ta fara gangarowa a hankali, kafin mu gama magana ta koma inda na saba ganinta. Ya ce kada in ƙara fiye da haka, in ka matse da yawa ferul ɗin zai fashe ko kwalam ya karye a ciki, ka koma gidan jiya. In babu irin gwangwanin, argon ma na yi, sai ka kalli 40.

Tun daga ranar na gane na'urar nan kullum tana faɗa maka abin da ke damunta, a cikin lambobin da muke kira datti muna wucewa. Ɗauki iskar ma. Iskar duniya naitirojin kashi 78 ce oksijin kashi 21, don haka ɓula ta gaskiya za ta nuna 28 ta ninka 32 kamar sau huɗu, da ɗan 40 na argon a gefe. In ka ga 28 ita kaɗai ta tashi 32 na kwance, to ka koma baya can kafin matatar gas, wataƙila iskar ta nan take shiga matatar ta cinye oksijin ɗin ta bar naitirojin ya wuce, ko an canza tukunya ba a wanke layin ba, ko hiliyom ɗin ne bai kai tsabtar 99.999 da ake so ba. In 18 ce a sama bayan an buɗe na'ura, ruwa ne, haƙuri kawai yake so da zafi. Da na san wannan lissafin ranar Litinin da na san ɓula ce ta kusa da mas ban je ina kwance layin gas ba.

Akwai sauran baƙi da kowa ke haɗuwa da su. 207 da 281 silokzen ne, in suna ƙaruwa yayin da oban ke ƙara zafi layin ƙasa yana hawa kamar tudu, rufin kwalam ne ke zubewa, kuma sau da yawa oksijin ne ya jawo. In kuma sun fito a matsayin tsinaye daban-daban a jere da 73 a ciki, ka duba robar bakin allura, ta tsufa gutsattsarinta sun faɗa cikin laina, ciro laina ka ɗaga a haske za ka gansu jajaye ko koraye a maƙale a audugar gilas. 149 talet ne, abin da ake sa wa roba ta yi laushi, daga murfi ko tiyo ko wata robar da samfur ya taɓa. Jerin 43, 57, 71, 85 da tazarar 14 a tsakani mai ne, ko na famfon ƙasa ya dawo baya ko wani ya kama sos da hannu ba safa. 58 da 43 bayan wanke sos asiton ne bai gama bushewa ba.

Rahoton tiyun ɗin kansa ma mutane na kallon inda aka rubuta ya wuce ne kawai su rufe. Ni yanzu ina buga shi in jera a fayil. Sinadarin da na'urar ke gwada kanta da shi PFTBA ne, ana duba 69 da 219 da 502, kuma in sos ya fara datti 502 ce ke fara raguwa tun sauran ba su nuna komai ba, sai kuma ka ga boltejin maltifilaya, wato abin ƙirgawar nan da ke ƙara wa sigina ƙarfi, na hawa mako bayan mako don na'urar na ƙoƙarin cike giɓin. Rahoto ɗaya ba zai nuna maka haka ba sai ka ajiye na wata uku kusa da juna. In ka wanke sos da garin alumina ka ɗauraye ka busar ka mayar boltejin ya sauko, datti ne. In bai sauko ba yana ta hawa har ya doshi ƙarshe, maltifilayar ce ta tsufa, a fara neman sabuwa tun ba ta tsaya ba. Sigina ta ɓace ɗif lokaci ɗaya kuma, ba raguwa a hankali ba, filaman za ka fara zargi, yawancin injinan biyu gare su sai ka koma kan ɗayan ka gani, sannan ka duba ko wani ya rage mintocin da ake jira solben, wato ruwan da aka narka samfur a ciki, ya wuce kafin filaman ya kunnu, don wannan na kashe shi da wuri.

LC-MS kuma, wadda ke rarrabe samfur a cikin ruwa maimakon gas, wata duniya ce, ni a ganina ta fi wahalar sha'ani don ita ruwa kake tura mata duk abin da ke cikin ruwan kuma sai ya bayyana. Fesawar lantarkin nan da ta sa Jon Fen ya samu kyautar Nobel a 2002, allura ce siririya da aka ɗora wa bolt 3,000 zuwa 4,000, ruwa na fita kamar hazo, naitirojin mai zafi na busar da ɗigon har ayon ya fito. Duk abin da ba ya tashi ya bi iska a nan zai zauna. Na taɓa buɗe sos na ga farin ɓawo ya lulluɓe bakin ramin da ayon ke shiga kamar an shafa alli, ashe wani ya kawo hanyar aikinsa ta tsohuwar HPLC, wato LC da ba a haɗa da mas ba, da bafar fosfet, wani ruwan gishiri, ya ɗora kai tsaye. Fosfet ba ya shiga mas, amoniyam fomet ko asitet ake sawa, ko fomik asid kashi 0.1. TFA kuma, wani asid da ake sa wa solben, yana gyara siffar tsinin da sinadari ke nunawa a allo amma yana danne sigina, kuma in ya shiga layi 113 za ta yi ta binka a ɓangaren caji na negatif makonni kana wankewa. In ka ga tsinaye a jere reras tazarar 44 tsakanin kowanne, PEG ne, galibi daga sabulun da aka wanke kwalba da shi, shi ya sa kwalaben ruwan mas ba sa zuwa wurin wanke-wanken kowa da kowa, da solben ɗinsu ake ɗauraye su. Wani lokacin kuma ɗalibi zai zo hankali tashe wai sinadarinsa ya ɓace, ka duba ka ga yana nan sai dai ya matsa gaba da 22, sodiyam ne ya hau kansa a maimakon haidirojin, in 38 ne fotasiyam.

Amma wadda ta fi ba ni tsoro ita ce wadda ba ta nuna alama. Akwai lokacin da muke auna wani magani a ruwan jini, sitandad, wato maganin da muka san yawansa, a solben tsantsa ya fito da kyau, tiyun lafiya, bakyum lafiya, ba jan rubutu ko ɗaya a allo, amma sakamakon samfuran na fitowa ƙasa da yadda ya kamata kuma yau daban gobe daban. Danniyar ayon ce. A cikin ɗigon nan caji da fili ba su da yawa, in wani abu mai yawa ya fito daga kwalam lokaci ɗaya da abin da kake nema sai ya ƙwace cajin, naka ya fito kaɗan alhali yana nan da yawansa. Yadda muka kama ta shi ne muka haɗa sirinji bayan kwalam yana tura maganin a hankali ba tsayawa, layin ya miƙe sambal, sannan muka yi allurar ruwan jinin da ba magani a ciki, daidai mintin da maganinmu ke fitowa layin ya lotsa ƙasa kamar rami. Da muka bi 184, lambar fosfolifid, wani nau'in kitse da ke cikin jini, sai ga shi zaune a wurin. Muka sauya yadda solben ke hawa don su rabu, muka ƙara tsabtace samfur, muka koma amfani da sitandad na ciki mai diyuteriyam, wato irin maganin da aka sa wa haidirojin mai nauyi ake zubawa cikin kowane samfur, wanda ke fitowa kusan lokaci ɗaya da maganin, in an danne su a danne su tare rabon bai canza ba. Abin da ke damuna da wannan shi ne lambar da ta fito ba daidai ba kamanninta ɗaya da ta daidai, kuma wani zai ɗauka ya yi aiki da ita, wataƙila a kan mara lafiya.

Dabarar da na fi dogara da ita yanzu in sigina ta faɗi ita ce raba injin biyu. Cire LC gaba ɗaya, ɗauki sitandad da ka sani ka tura da sirinji kai tsaye cikin sos. In ya fito yadda ya saba to mas ba ta da laifi, koma kan famfon LC da kwalam da allurar ɗaukar samfur da solben, duba ko firesha na rawa alamar kumfa, duba ko wani haɗi na ɗiga. In bai fito ba sannan ka fuskanci sos, ka leƙa ta gilashin ka ga feshin da idonka, yana tsaye lumui ko yana tofi, naitirojin na isowa da ƙarfinsa ko janaretonsa ya gaji. Minti ashirin wannan ke ci kuma ya cire maka rabin abin zargi. Haka in tsini ya fito a bilank, wato allurar da ba samfur a ciki, yi bilank uku a jere, in yana raguwa saura ne daga samfurin baya ya maƙale a allura ko bawul, in yana nan yadda yake to a cikin solben ko kwalbar yake. Masu TOF kuma, irin mas ɗin da ke auna lokacin da ayon ke ɗauka ya ratsa bututu, in nauyi ya fara kaucewa da 'yan ppm, wato kaso cikin miliyan, tsakanin safe da rana su duba zafin ɗakin kafin komai, bututun ƙarfe ne yana miƙewa yana tsukewa.

Akwai inda nake tsayawa. In turbo ya fara wata ƙara siririya da ban saba ji ba, ko ya kasa kai gudunsa, ko laifin ya nuna allon lantarki ne da babban bolteji, ba na sa hannu, injiniyan kamfani nake kira. Sai dai ko shi in ka ce masa kawai injin ba ya aiki, zai zo ne ya fara daga inda ka fara. In ka tura masa rahoton tiyun na ƙarshe mai kyau da na farko marar kyau, da lambar bakyum, da abin da ka gwada ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa ta waya ma zai gaya maka abin da za a kawo.

Samfuran nan arba'in da wani abu sai Juma'a suka fita, na je da kaina na ba masu su haƙuri na gaya musu dalili. Ɗalibar kuma na ce mata ba ta yi laifi ba, ba wanda ya taɓa gaya mata ferul na tsukewa, mu ne ba mu rubuta a takardar canza kwalam ba. Mun ƙara layi biyu a takardar, bayan oban ya yi zafi ya huce a sake taɓa notin a sake gwajin iska, kuma mun ɗaure biro da zare a jikin littafin. Makon jiya na shigo na buɗe shafin na ga rubutunta, ta canza kwalam ƙarfe huɗu, ta gasa, ba ta sake ɗaurewa ba tukuna don oban bai huce ba, duk wanda ya riga ta zuwa da safe ya duba 28 kafin ya ɗora komai. Ni na riga ta, na ɗauko sifana.